Auta, Kajina Sun Sha Maganinka

Assalamu alaikum, Nura.

Ina gaishe ka gaisuwar uwa, da fatan motar Gwaram ta sauke ka lafiya, ka tarar da Kawunka Sani da iyalinsa ƙalau. Allah Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya sa aikin koyarwar nan da ka samu ya zame maka alheri, Ya haɗa ka da abokan aiki na ƙwarai. Amin. To, gaisuwa ta ƙare. Gyara zama, faɗa zan yi maka.

Na cusa takardar nan cikin ledar ƙuli-ƙuli ne don na san ita za ka fara kwancewa, kai ba ka wasa da ciki. Da baki na so in yi maka magana, amma na san halinmu ni da kai. In na fara, muryata ta hau sama, kai kuma ka sunkuyar da kai kana "to Inna, to Inna", ƙafarka tana laluben takalmi. Rubutun yaƙi da jahilci ne, malamin makaranta, kada ka kuskura ka sa mini jan biro.

Ranar Laraba zakarana bai yi cara ba. Na fito da buta na same shi a gindin zogale, ya saki fukafukai, ido a lumshe, kamar wanda ya yini yana huɗa. Kazar nan mai wake-wake tana tafiya tana tangaɗi, ta ɗauki tsaba ta manta ba ta haɗiye ba. Babanka ya leƙo ya ce, "Subhanallahi, ciwon kaji ya shigo. Hajara, miƙo wuƙa kafin su yi mushe." Na ce, "Malam, ajiye wuƙarka, wannan ciwon na san shi." Na zagaya bayan ɗakinka, ƙarƙashin taga, inda suke tone-tonensu. Ga su nan a cikin rairayi, farare, wasu sun fara narkewa, wasu an tsattsage su. Maganinka ne, Nura. Maganin da nake miƙa maka da hannuna bayan sallar isha'i, ka kai baki, ka kora da ruwa, har ka ce mini "Alhamdulillahi". Ashe a kunci kake maƙale shi, ina juya baya ka tofar ta taga.

Ni za ka yi wa wannan? Ni? Haba Auta! Wanda ya riga ka barci ai ya riga ka tashi. Wannan dabarar na yi ta tun kana rarrafe, kuma na fi ka iya ta, ni ko ruwan ba ya taɓa ƙwayar.

Ba na cewa ban san abin da ya kai ka ba. Ciwonmu ɗaya ni da kai. Likita yana kiransa da dogon sunan nan, sikizofireniya, mutanen unguwa kuma su ce taɓin hankali in sun ga dama, in ba su ga dama ba su faɗi wanda ya fi wannan muni. Maganinmu ma kusan ɗaya ne. Don haka kada ka zo mini da "Inna ba ki san yadda nake ji ba". Na san barcin nan da yake danne mutum kamar an ɗora masa buhun gero a ƙirji, kana jin kiran salla kana cewa yanzu zan tashi, ka buɗe ido rana ta shigo ɗaki. Na san bushewar baki, harshe ya koma kamar busasshiyar kuɓewa, ka tashi kuma ka tarar matashi ya jiƙe da yawu, ka rasa wanne za ka yi kuka da shi. Na san rawar hannu. Na san ƙafa ta ƙi zama wuri ɗaya, kana zaune a tabarmar gaisuwar mutuwa tana ce maka tashi, tashi. Ƙiba kuwa ga ta nan kana gani, zannuwan aurena ko ɗaya ba ya zagaye ni.

Wanda ya fi ci mini rai ma ba a ganinsa da ido. A farkon shan maganin nan, an yi sunan 'yar maƙwabciyarmu, ana guɗa, ana shewa, ni ina zaune da kwanon tuwo a gabana, ba daɗi ba baƙin ciki. Na san ya kamata in yi murna, na neme ta a zuciyata na rasa. Na tambayi kaina, to wannan ce lafiyar? Ranar da ka ce mini, "Inna, ta yaya zan tsaya gaban allo alli yana rawa a hannuna, yara suna ƙirga hammar da nake yi?" wallahi na ji ka har cikin raina. Tambayarka tana kan hanya. Amsar da ka ba kanka ce ta banza.

Bari in gaya maka yadda tawa amsar ta kaya, tunda abin da ka sani guntu-guntu ne daga bakin mutane.

Lokacin ina tuyar ƙosai a bakin tasha. Ka san sana'ar ƙosai ta asuba ce. Ki surfa wake, ki kai inji, ki hura wuta, kafin direbobin Kano su fara lodi mai ya yi zafi. To ni maganin ba ya sakina sai hantsi. In iso da ƙullu a kai, in tarar motocin farko sun tashi, masu sayena suna goge baki da ƙosan wata. Wani direba mai bakin tsiya, Allah Ya jiƙansa yanzu, ya sa mini suna "Hajiya Sai-Hantsi". Tasha duk ta ɗauka. In na ɗebo ƙullu hannu ya yi rawa, mai ya fantsamo mini, dubi bayan hannuna na dama in ka dawo, tabon yana nan. Rannan na zauna na yi wa kaina lissafi irin naka. Muryoyin nan da nake ji da, masu zagina, masu ba ni umarni, sun yi shiru da daɗewa. Ina cin abinci, ina salla, ina gane kowa. Na ce ai na warke, wa yake shan magani bayan ya warke? Ban tsaya na tambayi kaina wa ya sa su shirun ba.

Na fara tofarwa a bayan ɗaki. Ba a jima ba kajin gidan suka fara gyangyaɗi. Babanka, bawan Allah, ya ce ciwo ne, ya bi su da wuƙa ɗaya bayan ɗaya. Muka yi ta cin nama kamar ana salla, har maƙwabta aka miƙa wa. Yana cewa, "Ikon Allah, ciwon bana bai taɓa kajin kowa ba sai namu." Ni ina tsotsar ƙashi ina cewa, "Ikon Allah kuwa, Malam." Ka ga inda na san ciwon zakarana.

Kuma ba zan yi maka ƙarya ba, farkon abin daɗi ne. Wannan shi ne tarkon, shi ya sa nake jin tsoronka yanzu. Jikina ya yi sakayau. Na riga kowa hura wuta a tasha. Dariyata ta dawo, har waƙa nake yi ina surfe. Mata suna cewa, "Hajara, kin ga yadda kika yi fes?" Na ce a raina, ashe maganin ne ciwon. Na tabbata haka kake ji a kwanakin nan, kana ganin ka gano abin da likita bai gano ba. Ciwon nan ba ya dawowa ranar da ka daina shan magani. Yana bari sai ka saki jiki, ka gama yi wa kanka kirari.

Nawa ya fara da barci, ya ƙi zuwa sam. Sai na lura in direbobi suna magana ƙasa-ƙasa, da ni suke. Sai rediyon mai shayi ya fara sako zance a kaina. Sai wata murya ta dawo, mai taushi, irin ta mahaifiyata, tana kirana da sunan da ita kaɗai take kirana. Wannan ban taɓa gaya wa kowa ba sai wani nas a asibiti: na yi murna da dawowarta. Na yi kewarta. Magani ya kore ta tare da masu zagin, ni kuma ban yafe masa ba. To ita ce ta buɗe wa sauran ƙofa. Ita ce kuma, da wannan taushin nata, ta ce mini wata safiya, "Dubi yaron nan da kyau. Ba naki ba ne. An musanya."

Kai ne yaron, Nura. Kana zaune a tabarma da ludayi a hannu kana bugun ƙasa, ka ɗago ka yi mini dariya da haƙoranka biyu. Na dube ka, na ga hancinka, na ga kunnenka, komai naka ne, amma zuciyata ta ce wannan baƙo ne. Ka miƙo hannu, na ja da baya. Ka yi kukan nono har muryarka ta dishe, na juya maka baya ina tambayar mutane ina suka kai ɗana. Babu dukan da aka yi maka, babu zagi, ƙin ka kawai na yi. Babanka ya ɗauke ka a kafaɗa ya kai wa ƙanwarsa, Gwaggonka Ladi, a Surko. Yayen da aka yi maka ke nan, babu shiri, babu kunun yaye, babu komai.

An kai ni wajen masu ruƙiyya, an yi hayaƙi, na sha rubutu. Ban raina addu'a ba, har gobe ina shan rubutuna, kai ma ka riƙe azkar ɗinka. Amma sai da aka mayar da ni asibiti aka kwantar, aka koma kan maganin da na tofar, har da ƙari a kai, sannan na dawo hayyacina. Na gudu daga ƙwaya ɗaya na dawo kan uku. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Tasha kuwa, kafin in fito wata ta kafa kaskonta a wurina, har yau tana nan.

Da aka dawo mini da kai, da ƙafarka ka shigo gidan nan. Ban ga tatatarka ba. Ban san ranar da ka fara taku ba, ban san kalmar da ka fara faɗa ba, sai abin da Ladi ta ba ni labari. Na durƙusa na buɗe hannu, ka ruga ka ɓuya a bayan zanenta kana ce mata Inna. Ni kuma ka daɗe kana ce mini "matar nan". Kowa yana dariya, wai yaro da abin dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

To ka ji. Kuskurena na fari ba tofar da magani ba ne, shiru ne. Duk watan da na je asibiti, likita ya ce, "Hajara, yaya jiki?" in ce, "Alhamdulillahi." "Maganin yana damunki?" "A'a, lafiya lau." Kunya da gudun kada a ce na raina ƙoƙarinsu. In fito in zo gida ina tsine wa ƙwayar. Wannan wace irin wauta ce? Kuma kai ma haka kake yi, na zauna kusa da kai na ji ka. Mutum ya yi karatu har ya zama malami, a tambaye shi abin da yake damunsa ya ce "ba komai". Wa ka taɓa gani yana ɓoye wa mai yi masa wanka cibiya?

Bayan na fito daga kwanciyar nan ne wani nas, dattijo mai tabarau, ya ga ina ta jijjiga ƙafa a kan benci. Ya ce, "Hajara, tun yaushe ƙafar nan take haka?" Na ce ai ta saba. Ya ce, "Ba tambayar da na yi ba ke nan." Ban san lokacin da na fashe ba. Na zazzage masa komai, barcin, yawun, rawar hannun, Hajiya Sai-Hantsi, har kajin. Ya yi dariya sai da ya cire tabarau, sannan ya ce, "Shekara nawa kina zuwa nan, me ya hana ki faɗa? Ai maganin ba iri ɗaya ba ne, kuma ba a kan dutse aka rubuta adadinsa ba." Ya shigar da ni wajen likita. Aka rage wani, aka canja lokacin shan wani, aka ƙara mini wata 'yar ƙarama saboda rawar jiki. Ba a dace a karon farko ba, sai da muka yi ta komawa ana gyarawa. Daga baya aka mayar da ni kan allurar wata-wata, wadda nake kai har yanzu. Ina jin haushinta, tana sa mini tsamin ɗuwawu, amma ba a maƙale ta a kunci.

Ba zan ce maka komai ya tafi ba. Har yau ni ba mai sammako ba ce, shi ya sa na koma awara da yamma a ƙofar gida. Hannun yana ɗan rawarsa in na gaji. Amma murnar da na nema na rasa ta dawo, ba duka a rana ɗaya ba. Ranar da aka kira sunanka a cikin waɗanda suka gama kwaleji, ka ji guɗar da na rangaɗa, har ka ce na ba ka kunya. Da maganin a jikina na yi ta.

Saura azumi, don na san shi ne dabararka ta gaba, ni ma na taɓa raya ta. Kada ka ce za ka ajiye magani don ibada. Kafin wata ya kama ka je ka tambayi likita yadda za a daidaita maka shi tsakanin buɗa-baki da sahur. Kuma zafin bazara da maganin nan ba sa shiri, jiri yake kawowa, ka riƙa shan ruwa, ka bar yawon rana. In wani abokin aiki ya ce maka ga wani ganye ko wani haɗi da ya warkar da ɗan'uwansa gaba ɗaya, ka ce masa na gode, ka wuce. Masu irin wannan maganar ba su ne za su zo su riƙe ka ba ranar da abu ya ɓaci.

Yanzu bari in faɗi abin da ya hana ni sukuni. Ba ƙwayoyin cikin rairayi kaɗai na gani ba. Na ga ka juya rediyonka ya fuskanci bango. Shekaranjiya ka tambaye ni me ya sa 'yan acaɓan bakin layi suke yin shiru in ka zo wucewa. Nura, ba shiru suke yi ba, cacar bakinsu ta ƙwallo suke yi kamar kullum, ko ganinka ba su yi ba. Jiya kuma ina tankaɗe na ji ka ce "na'am", alhali ba wanda ya kira ka. Na san wannan hanyar, na bi ta da ƙafata har ƙarshenta. Kai kana tsoron yara su ga alli yana rawa a hannunka. Yara za su yi dariya mako guda su manta, ko su sa maka suna, sai me? Ni na ɗauki Sai-Hantsi ban mutu ba. Amma ranar da ka tsaya gaban allo kana amsa wa wanda ba ya nan, aikin da ka sha wahalar samu ya tafi, kuma Gwaram ba za ta manta ba.

Na gaya wa Babanka komai, naka da nawa na da, ba zan sake cin naman kaza da ƙarya ba. Bai yi faɗa ba, ka san shi. Ya dai ce, "Ashe kajin nan na wancan karon lafiyarsu ƙalau na yanka." Kawunka kuwa ban gaya masa ba, na bar maka. Ka same shi da bakinka ka ce, "Kawu, ina da ciwo irin na Inna, ina shan magani, in ka ga na daina barci ko na fara zargin mutane, ka kira gida." Ƙanena ne, shi ya riƙe mini ƙafa a mota ranar da aka kai ni asibiti, ba abin da za ka faɗa masa da zai zama sabo.

Kada kuma ka ce za ka rama kwanakin da ka tofar, ka haɗa da yawa ka watsa a baki. Lambar nas ɗin asibitinmu tana bayan katinka, katin yana aljihun gaba na jakarka, ni na sa shi. Yau ɗin nan ka kira, ka faɗi gaskiyar tun yaushe ka daina, ka bi abin da aka ce maka.

Ranar asibitinmu ta gaba kuma, ka nemi izini a makaranta ka hawo mota. Gwaram ba Makka ba ce. Na lura tun da aka fara ba mu rana ɗaya kake zama can ƙarshen benci, kana latsa waya, kamar ba tare muka zo ba. Na ƙyale ka, na ce ƙuruciya ce. Wannan karon a kusa da ni za ka zauna, zan ajiye maka wuri da gyalena. Tare za mu shiga. Za ka buɗe baki ka gaya wa likita maganar barcin, da allin, da hammar, da "na'am" ɗin jiya, ka ce aikinka na safe ne, a duba maka. In ka ce "ba komai", wallahi ni zan faɗa, da zakaran zan fara. In kuwa ba ka zo ba, ka san ni. Motar Gwaram ba ta fi ƙarfina ba, zan zo har ƙofar ajinka in kira ka da Auta a gaban ɗalibanka.

Zakaran ya farfaɗo, yau da asuba ya yi cara, muryar a shaƙe. Shi ya sha ba ya bukata, kai mai bukata ka zubar.

Nura, na taɓa duban fuskarka ban san ka ba, kuma duk maganin duniya bai dawo mini da watannin nan ba. Na haƙura da wannan, ƙaddarata ce da wautata. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne in zo inda kake, in buɗe hannu, ka dube ni ka ce wace ce matar nan. Ka riga ka faɗa kana yaro. Ya isa.

Allah Ya tsare mini kai, Ya tsare hankalinka, Ya ba ka barci mai daɗi da farkawa a kan lokaci. Allah Ya sa ka gama da duniya lafiya. Ka gaishe da Kawunka da mutanen gidansa. Ƙuli-ƙulin ka ba 'ya'yansa nasu, kada ka cinye kai kaɗai.

Wassalam.

Innarka,
Hajara